Takardun da Ruwa Ya Tono

"Kada kowa ya taɓa! Na ce kada a taɓa!"

Hajiya Mu'minat ce ke ihu, shugabar asibitin Kwanar Ɗorawa, tana tsaye a kan tudu ta toshe hanci da gefen mayafi. Da ma ta huta, don babu mai niyyar taɓawa.

Ruwan asuba ne ya cika ramin bayan asibitin har ya yi ambaliya, ramin da ake zuba ƙazantar ɗakin haihuwa da ta ɗakin wankin ciwo. Auduga mai jini, bandeji mai mugunya, tsofaffin allurai, duk sun biyo ruwa sun baje har bakin hanyar Kibiya. Korayen ƙudaje sun riga kowa hallara. A tsakiyar wannan taɓon wata baƙar leda ta fashe, takardu sun leƙo, an ɗaure su tamau da jar igiyar fayil.

Saude mai shara ta sa doguwar sanda ta juyo ƙunshin. Ta yi makarantar yaƙi da jahilci, saboda haka ta karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa.

"Ra-ki-ya Shi-tu. Kai! Ga jan biro. Sha bakwai bisa ɗari!"

Duk aka juya ana kallon Rakiya.

Shekara goma sha huɗu tana riƙe da tebur a ofishin kuɗi na asibitin. Shekara uku da suka wuce gwamnati ta ce duk mai irin wannan tebur sai ya kawo takardar shaidar akanta. Da yake ba za a rufe ofis a tafi makaranta ba, sai aka sa su karatun nesa. Wata kwaleji a Kudu ke aiko da darasi ta gidan waya, ɗalibi ya buga amsa da tafireta ya mayar, malamai su duba su dawo masa da ita. Malaman can ba su taɓa ganin fuskar kowa ba, sunan da ke bangon takarda da lambarsa kawai suka sani. A sanin jama'a, kowa takardarsa na dawowa, ban da Rakiya. Ita 'yar guntuwar sanarwa kawai take samu cewa ta faɗi, har sau shida. Ranar Litinin kwamitin tantancewa zai zo daga Kano, duk wanda bai ci ba zai bar teburinsa. Yau kuma Laraba.

"Ashe suna dawowa," in ji wata unguwarzoma. "Ɓoyewa ake yi."

"To wa zai rataya sha bakwai a bango?" Mika'ilu ne, abokin aikin Rakiya, yana jingine da babur ɗinsa yana dariya.

"Ko Alu masinja ne ya gaji da ɗauka ya watsar," wani ya jefo daga baya.

Rakiya ta tako gaba. Ta karɓi sandar Saude, ta matsa har takalminta ya nutse, ta ɗaga bangon farko. Ta daɗe tana kallon shafin da ke ƙasa.

"Wannan ba aikina ba ne."

"Sunanki ne ko ba sunanki ba?" in ji unguwarzomar.

"Sunana ne, sa hannuna ne. Amma wallahi ba ni na buga wannan ba."

Dariyar da aka yi ta fi warin ramin ciwo. Ta saki sandar ta tafi bayan ɗakin magani, aka ji tana amai.

*

Kafin azahar mijin Rakiya, Halliru tela, ya goyo Mato daga Tarai a kan keke.

Mato mai bin sawu ne. Shekara talatin Fulani da manoma na kiransa in an kore saniya ko an kwance akuya. Ya taɓa bin sawun jaki daga Nariya har kasuwar Rano bayan kwana biyu da sata. Boko kuwa ko baƙi ɗaya bai sani ba.

"Me aka ce an sace?" ya tambaya yana sauka.

"Karatu, Baba."

"Allah mai iko. Yana da kofato?"

Ya zagaya ramin sau biyu. Ruwa ya shafe ƙasa tas. Ya nemi safar hannu, Saude ta ce rabon asibitin da safa tun kafin zaɓe. Sai ya ɗaure leda a hannuwansa, ya naɗe wando, ya shiga. Mutane suka ja baya suna tofar da yawu. Ya ciro ƙunshin, wani abu mai yauƙi yana zarara daga jikinsa, ya ɗora a kan tsohon kwanon rufi, ya watsa toka, ya shiga ɓamɓare takardun ɗaya bayan ɗaya yana shanyawa.

"Ba ƙone ramin nan kuke yi ba?"

"Duk Juma'a, in an ba da kananzir," in ji Saude. "Amma ka ga leda uku aka sa, aka ɗaure. Wuta ta lashi ta waje ta bar ciki."

"Da warwatsa su ya yi, da tuni sun zama toka." Mato ya ɗaga jar igiyar da tsinke. "Wanda ya yi wannan, hannunsa bai iya yar da takarda a barbaje ba. Zubarwa zai yi, amma sai da ya jera su ya ɗaure kamar zai kai wa shugaba."

Ƙunshi shida ne, kowanne da bangonsa mai tambarin kwaleji, an maƙale shi da fil. Mato ya ɗaga bango ɗaya sama don ya ga ko ya bushe, sai ya tsaya cak. A gefen hagu rana na ratsowa ta wasu ƙananan huji, a jere daga sama har ƙasa. Ya ɗaga shafin da ke bin bangon. Babu huji ko ɗaya. Ya duba duka shidan, haka suke.

Hajiya Mu'minat ta yi magana daga nesa. "Malam Mato, ka ga wani abu?"

"Na ga kan saniya a jikin jaki, Hajiya. Hannun wa da wa takardun nan ke bi kafin su bar gari?"

Ta lissafa masa. Ɗalibai tara ne daga asibitocin Kibiya da Rano. Kowa na kawo nasa ofishin kuɗi ran Alhamis, a sa a kabad, ran Litinin Alu ya kai gidan waya. Makullin kabad uku ne: na Alu, na Mika'ilu, da na Malam Shamsuddeen, shugaban ofishin, wanda kuma shi ne jagoran ɗaliban.

*

Ya sami Alu a gindin darbejiya yana gyaran sarƙar keke, idanunsa jajur.

"Ka zo kama ni ne? Tun safe yara ke bina suna cewa Hisba za ta zo."

"Zauna, Alu. Ni ko akuya ban taɓa kamawa ba sai na ga igiyarta a hannun mutum. Yaya kake ɗaukar takardun?"

"A babban ambulan ɗaya, a manne, da hatimi. Haka nake kai shi Rano, haka nake ɗauko na dawowa in ajiye a kabad. Ni da takarda sai dai in san nauyinta."

"Rakiya ta taɓa tambayarka nata?"

"Sau nawa! Har kuka ta yi min a bakin ƙofar nan. Ta ce, Baba Alu, ko faɗuwa suke yi a hanya? Tun daga ranar da igiya biyu nake ɗaure jakar."

Mato ya dubi igiyar da ke bayan keken. Ƙullin manoma ne, irin na dami. Na ramin kuwa ƙullin zarge ne mai kunnuwa biyu.

"Je ka ci abinci," ya ce.

*

Bayan ramin akwai wata tsohuwar tsamiya mai duhun ganye, ruwa bai daki gindinta sosai ba. A nan Mato ya sami abin da ya saba da shi: sawun tayar babur, ta baya ta suɗe a gefe ɗaya, ya zo ya koma ba sau ɗaya ba. Ya bi shi a sunkuye, ya zagaya katanga, ya fito gaban ofishin kuɗi. Sawun ya ƙare a ƙarƙashin jan babur ɗin Mika'ilu, wanda aka manne wa hoton ɗan takara a tanki.

Mika'ilu na zaune a kai yana latse-latsen sabuwar wayar salula.

"Samari, me kake zuwa yi bayan rami kullum?"

"Ni? Wa ya ce?"

"Tayarka."

Mika'ilu ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Baba, taba nake sha. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a Malam Shamsuddeen ya sa min ido. Can ne kawai wari ke korar mutane."

Mato ya riga ya ga guntayen tabar a gindin tsamiya. "Kai ka ci jarrabawar?"

"Duka shida."

"Kawo in gani."

Ya shiga ya fito da su a cikin leda, ko buɗe su bai taɓa yi ba. Mato ya ɗaga shafukan ga rana, ɗaya-ɗaya. Lafiya lau, babu huji.

"Kai ka yi su?"

Mika'ilu ya yi murmushi. "Baba, kai ma dai. Akwai wani malami a Kano, shi ke yi min. Ni sa hannu ne nawa. Me zai kai ni satar na Rakiya, mai sha bakwai?"

Ko kunya babu a fuskarsa. Mato ya tuna layin matan da ya gani da safe, masu goyo, suna jiran a yanka musu kati a teburin wannan yaron. Ya miƙa masa takardunsa da yatsa biyu, kamar yadda ya riƙe na ramin.

*

Ofishin Malam Shamsuddeen ƙal yake, yana ƙamshin turaren wuta. Mutum ne fari, mai tsararren gemu da tattausar murya. Ya miƙe ya ba Mato kujera, ya sa aka kawo ruwa.

"Abin nan ya dame ni, Baba. Baiwar Allah ce mai ƙoƙari. Amma mace da 'ya'ya huɗu, ga girki, ga aiki, karatun akanta ba wasa ba ne. Ni ban ga laifinta ba in kunya ta sa ta ɓoye. Ɗan Adam ne."

"An ce kai ne na ɗaya."

"Cikin ikon Allah. Tamanin da biyar, tamanin da takwas, haka dai. Shi ya sa duk Asabar nake tara waɗanda suka faɗi ina yi musu bita, kyauta. Zakkar ilimi ke nan."

"Da me kake bitar?"

Malam Shamsuddeen ya jawo aljihun tebur ya fito da ƙunshi shida, a jere. Kowanne an bi gefensa na hagu da farar filasta, irin ta ɗaure ciwo, daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

"Don kada su yage. Kwamiti zai so ganinsu ran Litinin."

Mato ya miƙa hannu. Malam Shamsuddeen ya janye takardun a hankali, yana murmushi.

"Ka yi haƙuri, Baba. An ce daga ramin kake."

"Gaskiyarka," in ji Mato. Ya dubi hannun nasa, ya mayar cikin riga. Ruwan ma bai sha ba.

*

Da la'asar ya isa gidan Halliru a cikin Kibiya. Shagon ɗinkin a zaure yake. Rakiya ta fito da hijabi ta durƙusa ta gaishe shi, fuskarta a kumbure.

"'Yata, in kin gama buga amsarki, da me kike haɗa takardun?"

Ta nuna Halliru da kai. "Baban Rahma ke bi min da keken ɗinki. Shafi arba'in ne, fil ba ya riƙewa."

"Waye ya san haka?"

"Duk wanda ya karɓa ya gani, Baba." Ta ɗago kai. "Na ramin ba a ɗinke suke ba?"

"Ba ki duba ba?"

"Wa zai iya dubawa?"

Mato ya juya wajen Halliru. "Ba ni aikin keken nan in gani. A kan takarda."

Halliru ya yago fallen takarda daga littafin awo, ya taka keke, ƙar-ƙar-ƙar. Mato ya sa reza ya warware zaren, ya ɗaga takardar ga hasken ƙofa yana ƙirgawa da leɓe. Huji takwas a jere, sai tazara. Takwas, sai tazara.

"Kekenka na ɗingishi."

"Haƙorin da ke jan yadi ne ya karye, guda ɗaya," in ji Halliru, yana sosa ƙeya. "Shekara huɗu ina cewa zan kai shi Kano."

"Kada ka kai shi. Ko mai kada ka sa masa sai na ce." Ya sake duban Rakiya. "Bitar Asabar ɗin nan, kina zuwa?"

"Ban taɓa fashi ba. Har dambu nake yi masa in kai, tunda ba ya karɓar komai."

"Yana ba ku takardunsa ku riƙe?"

"A'a, karanta mana yake yi." Ta ci gaba a hankali. "Sau da yawa in ya karanta amsa sai in ce, Malam, ai ni ma haka na yi. Sai ya yi dariya ya ce, haka dai kike zato, Rakiya. Har na fara yarda kaina ne ya taɓu. In duba abu sau goma, in ƙi yarda da idona."

Halliru ya miƙe, almakashi a hannunsa bai ma sani ba. "Baba, faɗa min sunansa kawai."

"Ajiye wannan ka zauna. In ka riga ni zuwa, ramin nan bai cika ba, zai ci wasu takardun. Gobe da hantsi ku zo asibiti, bakinku alaikum."

Daga nan ya wuce gidan Hajiya Mu'minat. Roƙo ɗaya ya yi mata: gobe ta tara duk masu karatun, ta ce kowa ya zo da takardunsa za ta duba kafin zuwan kwamiti.

*

Aka taru a ɗakin awon ciki, shi ne mai benci da babbar taga. Ɗalibai tara, da Alu, da Halliru. Saude ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya, wai shara take yi. Hajiya ta zauna a tebur, kowa ya ajiye ƙunshinsa a gabanta. Na Malam Shamsuddeen ne a sama, fari sol da filastarsa.

Mato ya shigo da kwanon rufin nan, busassun takardun ramin a kai. Warin ya riga shi shiga. Mata suka ja hijabi suka rufe hanci.

"Haba Hajiya," in ji Malam Shamsuddeen, "najasa a ɗakin da ake duba masu ciki?"

"Yanzu za a fitar da ita, Malam," in ji Mato. "Jama'a, ni ban iya karatu ba. Abin da ya taka ƙasa ya wuce shi nake gani. Jiya kun ce Rakiya ce ta zubar, wasu suka ce Alu. Alu bai iya ƙullin ofis ba, ambulan a manne yake ɗauka. Na bi sawun Mika'ilu, na tarar da abin da na tarar, wannan tsakaninsa da Hajiya ne."

Mika'ilu ya sunkuyar da kai yana kallon wayarsa.

Mato ya ɗaga bango ɗaya ga taga. "Ku duba gefen nan. Rakiya da keken mijinta take ɗinke aikinta. Ga sawun allura a bango. Ga shafukan da aka maƙala masa, babu sawu. An cire kai an ɗora a wata gangar jiki. To ina jikin da aka cire wa kan? Duk inda yake, yana ɗauke da sawun nan." Ya juya. "Na wanke hannuna da sabulu sau bakwai, Malam. Yau ka bari in taɓa?"

"Wannan cin mutunci ne. Hajiya, kina gani mai bin sawun awaki..."

Hajiya ba ta dube shi ba. Ta ɗauki ƙunshin sama da kanta, ta sa farce a bakin filastar ta ja. Ƙiiii. Ta ɗaga ga taga.

Bangon mai sunan Shamsuddeen lafiyayye ne. Ta buɗe shi. Shafin farko, na biyu, na uku, rana ta ratso ta layin huji daga sama har ƙasa.

Ƙudajen da suka biyo kwanon na ta kuka a ɗakin.

"Ni ma tela na kai wa," in ji Malam Shamsuddeen. "Teloli nawa ne a Kibiya? Daga baya na ga ɗinkin bai yi kyau ba na warware."

"Ya ɗinke cikin ya bar bangon?"

"Bangon... daga baya na sa."

"To. Kowace dabba da tafiyarta." Mato ya zaro fallen littafin awo daga aljihu ya miƙa wa Hajiya. "Wannan jiya keken Halliru ya taka shi a gabana. Gurgu ne, taku takwas yake yi ya tsallake ɗaya. Ƙirga, Hajiya."

Ta ƙirga a fallen, ta ƙirga a shafin. Sannan, ba tare da an ce mata ba, ta sa hannu tsirara ta ɗauki bangon ramin, mai busasshen jini a kusurwa, ta ɗora a kan farin shafin mai maki tamanin da takwas, ta daidaita gefe da gefe, ta ɗaga. Hasken ya ratsa su biyun tare, huji a kan huji, tazara a kan tazara.

"Innalillahi," in ji wani daga baya.

"Kwana huɗu takardun ke yi a kabad," in ji Mato. "Ya warware zare, ya ɗora bangonsa a aikinta, ya ɗora nata a nasa. Ko wahalar sake bugawa bai iya yi ba. In sun dawo ya riƙe mai kyau, ya kai ɗayan inda ya san babu mai sa hannu."

"Filastar da muke tura masu ciwo su sayo a kemis!" Saude ta yi jifa da tsintsiya. "Jiya da tsumma na ɗaure wa wata tsohuwa ƙafa!"

Malam Shamsuddeen ya dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, bai sami wurin sauka ba. Sai ya gyara zaman hularsa.

"Ku yi min adalci. Mutum goma sha ɗaya ke ci a hannuna. Ita tana da miji, ko an sallame ta ba za ta kwana da yunwa ba. Ni in na faɗi, shugaban ofis guda, ina zan sa fuskata? Kuma ban bar ta haka ba, shekara biyu ina koyar da ita, ban karɓi ko sisi ba."

Halliru ya yunƙura, Alu ya riƙe masa riga. Rakiya ce ta taso. Ta zo har gaban teburin, ba ta ɗaga murya ba.

"Me ka koya min, Malam?"

Ya kawar da kai gefe.

"Amsata kake karanta min. Da cokalina a hannunka, kana cin dambuna, kana ce min haka nake zato. Na yaye Rahma tana wata goma sha huɗu don in samu lokacin karatu, saboda ka ce ƙoƙarina ne bai kai ba." Ta juya ga Hajiya. "A ba shi nasa. Ga su can a kan kwano. Ya ɗauka da hannunsa."

Hajiya ta tura kwanon da ƙafa har ya taɓa takalminsa.

"Bangon na nan wurina, shaida ne," ta ce. "Sauran naka ne, kwashe. Ka ajiye min makullin kabad a nan."

Ya tsuguna. Saude ta matsa daga bakin ƙofa sosai, don kada rigarsa ta goge ta.

*

Ran Litinin kwamiti ya zo, mutum uku a farar mota. Hajiya ta shimfiɗa musu komai, Mato ya sake ɗaga takarda ga taga. Shugabansu wani dattijo ne mai tabarau. Ya rubuta tambaya ɗaya doguwa, ya sa aka kawo tafireta, ya ce Rakiya ta zauna a gabansa. Ta ɗora yatsunta a kan tafiretar. Daga nan sai ƙarar bugu kawai ake ji, kamar ruwa a kan kwano. Kafin a kira azahar ta zare takardar. Dattijon ya karanta, ya cire tabarau.

"Koma teburinki, Malama. Kwalejin ni zan rubuta musu da kaina. Ina shi wancan?"

Babu wanda ya ga Malam Shamsuddeen tun bayan sallar Juma'a.

Mato ya fito yana saɓa sandarsa, Halliru na jawo keke zai mai da shi Tarai. Sai ga ɗan acaɓa ya shigo a guje, ya taka birki har taɓo ya fantsama. Wata mata ta diro, da goyo a baya, ƙafafunta duk laka. Ba wanda ya san ta.

"Wane ne Mato mai sawu?"

"Ga ni, 'yar nan. Lafiya?"

"Sunana Fatima, daga Dawaki ta Rano. Mijina ma'aikacin kuɗi ne a asibitinmu, yana cikin masu karatun nan, ran Alhamis yana ɗakin da aka tara su. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce shi ma akwai takardarsa ɗaya da ba ta taɓa dawowa ba, kuma ya san wanda aka sayar wa. Ran Juma'a ya ce zai je ya sami Malam Shamsuddeen su yi magana. Yau kwana uku."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da takalmi ƙafa ɗaya, na fata, maɗaurinsa a tsinke.

"Nasa ne. Masu wanki suka tsinta a bakin rafi."

Mato ya karɓa ya juya shi. Ya kankare lakar da ke ƙasan da farce, ya murza a yatsa, ya shinshina. Ja ce, mai ƙyalli.

"Wannan ba ƙasar bakin rafi ba ce," ya ce. "Halliru, juya keken. Rano za mu."